Ummi ta ce netbol za ta riƙa: akwai abinci a wasan nan kuwa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don Allah kada a mayar da ita raha. 'Yata Ummi tana aji biyu na babbar sakandare a nan Agege. Tun zangon da ya wuce malamar wasanninsu ta sa ta a wani wasa wai shi netbol, saboda yarinyar ta ɗebo tsawon dangin uwarta. Da farko ban kula ba. Yanzu abin ya kai duk Asabar sai ta je atisaye, jiya kuma bayan isha'i ta tare ni da cewa ita wasan nan take so ta riƙa har ta buga wa ƙasa. Ni albasa nake sayarwa a Mile 12, ban san gaban abin nan ba balle bayansa. Wanda ya sani ya faɗa mini tsakani da Allah, akwai wadda ta taɓa cin abinci da shi?

Nura Idi-Araba: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ai ƙwallon raga kenan, wanda ake ɗaura raga a tsakiya ana marin ƙwallo ta tsallaka. Muna yi a bakin ruwa wani lokacin.

Malama Rabi: Nura, ba shi ba ne, kada ka ɓatar da Alhaji tun daga ƙofa. Netbol ya fi kusa da ƙwallon kwando. Na buga shi shekara huɗu a makarantar kwana a Kaduna, yanzu kuma ina koyar da shi a Surulere.

Mutum bakwai-bakwai ne. Ana raba fili gida uku, kowace yarinya da haruffa a ƙirjinta da bayanta masu nuna inda aka yarda ta taka. Ba a gudu da ƙwallo, ba a buga ta a ƙasa ana tafiya kamar a kwando. In ta shigo hannunki daƙiƙa uku gare ki, ki miƙa ko ki jefa. Mutum biyu kaɗai ke da izinin jefawa a zobe, su ma sai daga cikin da'ira. Zoben yana sama da ƙasa mita 3.05, kuma babu allo a bayansa da zai taimaka miki. Mai tsaro ba ta matsowa kusa da mai riƙe da ƙwallo fiye da ƙafa uku, wato ƙasa da mita ɗaya kaɗan. Ana yin zubi huɗu, kowane minti 15.

Nura Idi-Araba: To kwando ne da aka sace masa allo. Na gane.

Malama Rabi: Zo ranar Laraba in ba ka ƙwallo ka jefa goma, mu ga ko biyu za su shiga.

Barista Hadiza: Alhaji, barka da dare. Tambayarka ita ce ko an taɓa cin abinci da shi, to bari in ba ka labarin mace ɗaya, kai ka auna da kanka. Ina karatu a Ingila lokacin da sunanta ya cika gari.

Sunanta Ama Agbeze. A Bamingham aka haife ta a 1982, iyayenta 'yan Najeriya ne. 'Yar tsaron baya ce, wato aikinta hana a ci, ba ita ke jefawa ana tafa mata ba. Ta fara buga wa Ingila a 2001, tana da shekara goma sha takwas zuwa sha tara. A 2006 tana cikin waɗanda suka ɗauko tagulla a wasannin ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Melbourne. Daga nan sai yawo. A wancan zamanin gasar da ta fi ƙarfi, kuma aka fi biya, ita ce wadda Ostireliya da Niyu Zilan suka haɗa tun daga 2008, saboda haka duk wadda ta isa can take nufa. Ta buga wa West Coast Fever, ta koma Melbourne Vixens suka ci kofi a 2009, ta tsallaka Niyu Zilan wajen Central Pulse, daga baya ta yi Adelaide Thunderbirds da Northern Stars. Ka ƙirga garuruwan. Bana nan, baɗi can, akwati kullum a ɗaure.

Sai da ta haura shekara talatin aka ba ta kyaftin. Ranar 15 ga Afrilu 2018 kuma, a wasannin ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Gold Coast, ita ce ta ja Ingila suka kayar da Ostireliya a gidanta da ci 52 da 51 suka ɗauki zinare. Tun da aka sa netbol a wasannin a 1998, wasan ƙarshe bai taɓa fita daga tsakanin Ostireliya da Niyu Zilan ba sai ran nan. Tana da shekara 35. Daga ranar da ta fara zuwa wannan yammacin shekara goma sha bakwai kenan.

Baba Ɗanjuma Obalende: 'Yata, tsaya. Gold Coast ɗin da na sani ita ce Gana kafin Nkrumah. A Ankara aka yi wasan?

Barista Hadiza: A'a Baba, ranka ya daɗe, suna ne ya zo ɗaya. Wannan wani gari ne na bakin teku a Ostireliya.

Baba Ɗanjuma Obalende: To madalla. Turawan nan sunaye sun yi musu kaɗan. Ci gaba.

Malama Rabi: Barista kin wuce wurin da ya fi daɗi da sauri! Ni na kalli wasan nan ya fi sau goma, ina nuna wa ɗalibaina. Kwana ɗaya kafin nan da ƙyar suka tsallake Jamaika, 56 da 55, Jo Harten ta jefa ta ƙarshe lokaci na cika. Washegari kuma ga su 51 da 51 da masu gida, saura 'yan daƙiƙu. Jifar farko ba ta shiga ba, alƙaliya ta busa cewa an yi ƙeta, aka ba Helen Housby dama ta sake. Yarinya 'yar shekara 23, filin nan cike da 'yan Ostireliya suna ihu, ta ɗaga hannu ta saka. Duk lokacin da na kai wurin nan sai tsikar jikina ta tashi.

Nura Idi-Araba: Yanzu na leƙa na gani, ga hotunansu nan na turo. Jama'a, kocinsu fa Tracey Neville ce! Ƙanwar Gary Neville, tagwai suke da Phil. Alhaji ka bar yarinya ta yi, wasan 'yan gidanmu ne na Manchester United.

Shafi'u Alaba Rago: Su dai 'yan United ko kofin shayi aka ci a gidan maƙwabta sai sun ce da su aka ci.

Barista Hadiza: Ku bari in ƙarasa, don abin da ya sa na kawo labarin yana gaba. Shekara ɗaya bayan zinaren nan, a 2019, Ingila ce ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya a Libaful. A gida, gaban iyaye da dangi. Aka fitar da sunaye goma sha biyu, babu sunan Ama. Kocin da suka rungumi juna a Gold Coast ita ce ta ajiye ta, aka ba Serena Guthrie kyaftin. A shekarar nan dai Sarauniya ta ba ta lambar girma ta MBE. Hannu ɗaya ya miƙo lamba, ɗayan ya karɓe riga.

Abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne matar nan lauya ce. Ta yi karatun shari'a tana cikin wannan yawon. Da wasa ya sake ta ba a ƙasa ta faɗo ba: tana sharhi a talabijin, an kuma sa ta cikin hukumar da ta shirya wasannin 2022 a garinsu Bamingham. Kuma ba ita kaɗai ba ce, a cikin 'yan zinaren nan akwai Eboni Beckford-Chambers, ita ma lauya. Shekaru da yawa 'yan wasan gasar Ingila aiki ko karatu suke haɗawa da wasa, sai a 2025 aka sake wa gasar fasali da nufin ta zama sana'ar da za ta riƙe mutum. Wannan Ingila kenan fa, inda aka tsara dokokin wasan.

Saboda haka amsata gare ka Alhaji: an ci suna da shi, an ga duniya da shi, kaɗan sun ci abinci da shi. Wadda ta kai ƙololuwa ma ba ta yarda ta jingina da shi kaɗai ba.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri Barista. Kin yi mini bayani irin na ciniki, uwar kuɗi da riba da asara. Amma abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya ɗauko maka zinare bara, bana ka ce ba ka bukatarsa? Ko yaron shago ba a yi masa haka.

Malama Rabi: Haka wasa yake Alhaji. Mutum goma sha biyu kawai ake ɗauka, ita tana da shekara 36, ga yara na tasowa a bayanta. Koci ba ladan bara take rabawa ba, wasan gobe take kallo. Ni ban ce ta yi daidai ba. Ingila ta uku ta zo a gasar, Niyu Zilan ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da tazarar biyu kacal, kuma har yau akwai masu cewa da tsohuwar kyaftin na cikin ɗakin canza kaya da ta san abin da za ta faɗa wa yaran. Wannan kuwa babu mai iya tabbatarwa.

Malam Isyaku: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ina da magana biyu. Ta farko, ana ta cewa iyayenta 'yan Najeriya ne kamar wani abin alfahari ne gare mu. Tutar wa ta ɗaga? Taken wace ƙasa aka rera? In ɗanka ya noma gonar wani, rumbun wani ya cika. Ta biyu ita ce babba: na ga hotunan da Nura ya turo. Wannan ɗan guntun kayan shi ake so 'yar Alhaji ta sa ta tsaya gaban jama'a? A yi wa mutum nasiha ta gaskiya.

Shafi'u Alaba Rago: Malam, ta farkon nan ban bi ka ba. Wace gona muka ba ta ta ƙi nomawa? A can aka haife ta, a makarantarsu aka miƙa mata ƙwallo, su suka yi wahalarta. Lookman ya dawo ya buga mana don akwai Super Eagles da zai dawo wa, ana ganinsu a talabijin. Ita ta dawo ta tarar da wa?

Malam Isyaku: To ka ga ka ba Alhaji amsa da bakinka. In wadda ta ƙware ba ta da wurin dawowa, wadda ke nan ina za ta?

Shafi'u Alaba Rago: Nan kam ka kama ni.

Malama Rabi: Malam, Allah ya gafarta, bari in ɗauki ta biyun. Kayan da ka gani na ƙwararru ne a ƙasashensu, ba sharaɗin wasan ba ne. 'Yan matan Malesiya da Burunai suna bugawa da hijabi da dogon wando, a gasar ƙasa da ƙasa ma. Ɗalibaina Musulmi haka suke fita, riga mai dogon hannu, wando har idon sawu, ƙaramin hijabi wanda babu allura a jikinsa don kada ya soki wani. In ma sutura da kamun kai ake nema a wasa, da wuya a sami wanda ya fi wannan: mata ne zalla a fili, doka ta hana ture da rungumar juna, alƙalan ma galibi mata ne.

Malam Isyaku: Idan haka ne a makaranta, ban da ta cewa, motsa jiki ba laifi ba ne. Amma yau makaranta, gobe a ce tafiya Abuja kwana biyar, jibi a ce wata ƙasa. Barista da kanta ta ce akwati kullum a ɗaure. Da wa za ta yi tafiyar? Wannan tambayar uba ne zai amsa ta gaban Allah, ba koci ba.

Barista Hadiza: Wannan tambaya ce ta gaskiya Malam, ba zan raina ta ba. Sai dai ni ma da akwati na tafi karatu, mahaifina ya yi bincike, ya san gidan da zan zauna da hannun da zai damƙa ni, sannan ya sa albarka. Abin da ya fi damuna ba tafiyar ba ce, rashin inda za a je ne.

A 2023 an yi gasar cin kofin duniya a Cape Town, karo na farko a Afirka. Ƙasashen nahiyar huɗu suka je: Afirka ta Kudu, Malawi, Yuganda da Zimbabuwe. Yuganda ta zo ta biyar a duniya. Mu ba ma nan. Amma a cikin 'yan Ingila da suka kai wasan ƙarshe suka sha kashi a hannun Ostireliya 61 da 45, akwai wata yarinya mai tsaron baya, Funmi Fadoju. Ku da kuke zaune a Legas ba sai an faɗa muku daga ina wannan sunan ya fito ba.

Nura Idi-Araba: Funmi! Wallahi mai gidan da muke haya sunan 'yarta kenan.

Malama Rabi: Barista, kada mu kashe wa yarinya gwiwa gaba ɗaya. Ba kowa aka haifa a Bamingham ba. Mwai Kumwenda a ƙauye ta tashi a arewacin Malawi, da ƙwallon leda da aka ɗaure ta fara, ba takalmi. A 2015 ita aka zaɓa gwarzuwar gasar cin kofin duniya a Sidni. A wasannin 2018 ɗin nan da muke magana, tana cikin 'yan Malawi da suka kayar da Niyu Zilan 57 da 53, abin da ba wanda ya yi mafarkinsa. Peace Proscovia daga Arua ta fito, can arewa maso yammacin Yuganda, gidan talakawa, ta je Loughborough a Ingila ta yi wasa ta yi karatu, ta wuce Ostireliya. Waɗannan ai ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne.

Barista Hadiza: Gaskiya ne Malama, ina girmama su biyun. Amma a ina aka gan su? A rigar ƙasarsu. Malawi talaka ce, ta fi mu talauci, amma tana da ƙungiyar ƙasa da ke zuwa gasar duniya, sai masu neman 'yan wasa su gani su ɗauka. Tsani ne, ko na kara ne, akwai shi. Ummi in ta fi kowa a Agege, ta fi kowa a jihar Legas, mataki na gaba fa? Ke kika fi ni sani.

Malama Rabi: Wannan shi ne ciwon da nake kwana da shi. Zan faɗi abin da ba na so in faɗa. Yarinya mai tsawo da hannu mai kyau, in abinci ake nema a wasa a ƙasar nan, ƙwallon kwando ne ke da hanya. D'Tigress, 'yan kwandon mata na Najeriya, sun ci kofin Afirka a jere tun 2017, sun kai zagayen 'yan takwas a Olamfik na Faris a 2024, makarantun Amurka na ɗaukar yara su biya musu karatu. Netbol ko Olamfik ba a sa shi ba. Ɗalibaina biyu mafi kyau da hannuna na kai su wajen mai koyar da kwando, na dawo gida ina jin kamar na aurar da 'ya.

Sannan Alhaji ka san da gwiwa. Tsayawar nan ta farat ɗaya da doka ta tilasta tana cin gwiwa da idon sawu, balle a kan siminti irin na makarantunmu. Ita Kumwenda ma jijiyar gwiwarta ta tsinke a 2018, ta yi watanni tana jinya kafin ta dawo ta ci kofi da Vixens a 2020. A can ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin aiki. A nan kai ne za ka tsaya a layin asibitin ƙashi na Igbobi da kuɗin albasa. In za ta ci gaba, ka saya mata takalmi na gaske, ba na gwanjo da tafinsa ya cinye ba.

Baba Ɗanjuma Obalende: Ni tsohon soja ne, bari in sa baki. A bariki mun ga yara da yawa da wasa ya shiryar, mun ga waɗanda ya ɓatar. Waɗanda ya ɓatar su ne waɗanda suka ajiye littafi. Asisat Oshoala 'yar ƙwallon ƙafa ta nan Ikorodu, Musulma ce, da bakinta ta sha faɗa cewa iyayenta ba su so ba da farko. Ta dace. Amma nawa ne sa'o'inta da suka bar makaranta tare da ita ba mu san sunansu ba? Alhaji, yarinya 'yar shekara goma sha shida in ta ce za ta buga wa ƙasa, ba takardar aiki ta kawo maka ka sa hannu ba. So take ka zo ka gan ta.

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Ina cikin zauren nan fa, Alhaji ya manta shi ya sa ni da hannunsa lokacin rabon tallafin azumi. Na gode wa kowa. Abin da bai faɗa muku ba shi ne tun da yarinyar nan ta fara wasan, ita da sai an yi da gaske take fita daga ɗaki, yanzu da asuba take tashi, ta yi wanke-wanke ba a ce mata ba don kada in hana ta Asabar. Sakamakonta bai sauka ba. Kayan da take sawa ni na kai ɗinki, Malam Isyaku in ya gani ba zai ce komai ba. Kuma wata uku kenan tana cewa Baba ya zo ya kalla, kullum sai ya ce mota ta iso daga Aliero.

Nura Idi-Araba: Innalillahi. Alhaji an yi maka ƙeta a cikin da'ira, alƙaliya ta busa.

Baban Ummi: Nura zan haɗu da kai. Hajiya, maganar gida a gida. Amma ban ƙaryata ki ba, mota ce ke isowa.

Barista, ki taimaka ki rubuto mini sunan matar nan daidai da na ɗayar lauyar, in ba Ummi ta je ta bincika da kanta, ta karanta har wurin da aka ajiye ta a 2019, kada ta tsaya a zinare. In ta dawo ta gaya mini me ita za ta karanta a gefe, sai mu zauna. Maganar tafiya kuwa, Malam, ba a kai can ba tukuna, in an kai zan neme ka.

Barista Hadiza: Na tura maka ta akwatinka. In ta ce shari'a, ka turo mini ita hutun nan ta zauna a ofishinmu a Ikeja ta ga yawan takardun, wataƙila ta gudu ta koma likitanci.

Malam Isyaku: Allah ya shirya mana zuri'a. Ni dai maganata ta tafiya tana nan, ban janye ba.

Baban Ummi: Amin Malam, na riƙe. Malama Rabi, takalmin da kika ce, a ina ake samun na gaske, kuma nawa zan riƙe? Ƙafarta lamba 43 ce, na mata ba ya shigarta.

Malama Rabi: 43! Alhaji ka ce mini mai tsaron zobe gare ka a gida. Kada ka saya tukuna, ka kawo ta in ga yadda take taka ƙasa. Ƙarfe nawa suke farawa ranar Asabar?

Maman Ummi: Bakwai da rabi. Zan tashe shi.